Asalin Diyyar Ma'aikaci

A zamanin da, a Ribah da sauran garuruwan ƙasar Zuru, idan mutum ya ji rauni a gona ko wurin gayya, danginsa ke ɗaukar jinyarsa. Da aikin lada ya zo, samari suka fita leburanci nesa da gida, inda babu dangi. A 1941 Gwamnatin Turawa ta kafa dokar diyya: duk wanda ya ji rauni a bakin aiki, maigidansa ne zai biya shi. Gwamnatin soja ta sabunta dokar a 1987. Amma in maigida ya ƙi biya, sai kotu, talaka kuwa ba ya iya doguwar shari'a.

A 2010 aka sake doka. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, daga nan ake fitar da diyya. Sai dai akwai wa'adi: ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, ya miƙa takardar nema cikin shekara ɗaya. Wanda ya yi sakaci yana iya rasa hakkinsa.