Zare, Shuni da Fata: Tarihin Araha a Kasuwannin Kano

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗinkin hula, ko rini, ko dukanci a Kano, ya san tambayar nan: "A ina ake samunsa da sauƙi?" Mukan ji ta a bakin yayyenmu mata idan zare ya ƙare, mukan ji ta a bakin maƙwabcinmu mai haɗa takalma idan gam ya sake tashi. Wani ya ce a gwada Ƙofar Wambai, wani ya ce Kantin Kwari, wani ya rantse da Sabon Gari. Sai mutum ya hau Adaidaita Sahu ya zagaye su duka, ya dawo gida ya tarar bambancin da ya samu bai biya kuɗin motar ba. Dalili kuwa shi ne, yawancin kayan nan daga waje aka shigo da su, kuma da dala aka sayo su. Kasuwannin ne uku, amma farashin uwarsa ɗaya.

Ba haka abin yake ba a da. Idan muka bi tarihin inda masu sana'ar hannu na Kano ke samun kayan aikinsu, za mu ga cewa arahar da ta ɗaukaka birnin ba a wata rumfa take ɓoye ba. A kusancin kayan take.

Littafin Tarihin Kano ya jingina kafa Kasuwar Kurmi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma ana danganta karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. Daga wancan zamani har ƙarshen ƙarni na 19, Kurmi ce mahaɗar mai saƙa da marini da baduku. To amma mu duba abin da kowannensu yake bukata. Masaƙi yana bukatar zare: auduga ce da aka noma a ƙauyukan Kano da Zazzau da Katsina, mata suka gurje ta, suka shiɓe, suka kaɗa da mazari a tsakar gida. Marini yana bukatar baba, wanda ake nomawa a gona, a sassare, a kirɓa, a dunƙule, a shanya. Sai toka da ruwan rijiya. Majemi yana karɓar fata daga hannun mahauta, ya jeme ta da bagaruwa, baduku ya rina ta ja da karan dafi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya ƙetare hamada. Mafi nisansu jaki ne ke kawo shi cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma wata dabara da ta ƙara sauƙaƙa kaya, wato sharar wata sana'a ita ce jarin wata. Katsin da ke kwanciya a ƙasan karofi ba a zubar da shi. Akan kwashe shi a ƙona, a haɗa da gashin jima da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara, sai a sami laso. Da wannan laso ake shafe ramin rini don kada ya tsotse ruwa, da shi kuma ake shafe rufin soraye. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa manyan ramukan da laso ya ba da damar ginawa sun rage wa marina tsadar aiki idan aka kwatanta da rini a tukwane. Da haka garuruwa irin su Kura suka shahara, har turkuɗinsu mai ƙyalli ya zama abin da Buzaye ke naɗawa a can cikin sahara.

Ba wai Kano ba ta sayen kayan waje ba ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso birnin a 1851, ya lissafa abin da ya gani a kasuwa: yadi daga Manchesta, duwatsun ado daga Benis, allura da madubi daga Nurambag, da takarda mai alamar wata uku. Akwai kuma alharini, wanda Larabawan Gadamas da Tarabulus ke kawowa a kan raƙuma, masu ɗinki su ƙawata manyan riguna da shi. Har yau unguwar Dandalin Turawa tana tuna mana da waɗannan fatake, domin a wancan lokaci Larabawa ake kira Turawa. Abin lura shi ne, a wajen mai sana'a yawancin kayan nan na ado ne. Allura ɗaya takan yi aiki mai yawa, alharini kuwa ɗan kaɗan ake sa wa riga. Jikin rigar, launinta da ƙyallinta duk na gida ne. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke samarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa ɗaya.

Tun kafin Barth, Hugh Clapperton ya zo daga Ingila a 1824, ya rubuta wani abu da ya kamata 'yan kasuwarmu na yau su ji. Ya ce akwai shugaban kasuwa da ke ba da hayar rumfuna yana kuma sa ido kan farashi. Ya ce a cikin kowane ƙunshin tufafi ana rubuta sunan dillalin da ya sayar, ta yadda idan an kai kayan har Barno aka buɗe aka tarar da algus, sai a dawo da su, dillali ya nemo mai kayan a biya. Wannan ma wani nau'in araha ne. Wanda ya san ba za a cuce shi ba, ba ya sayen abu ɗaya sau biyu.

Sai dai kada son gida ya rufe mana ido. Wani ɓangare na arahar nan gumin waɗanda ba a biya ba ne. A ƙarni na 19, bayi ne ke noma auduga da baba da hatsi a rinjoji da gandayen sarakuna da attajirai. Matan da ke kaɗi kuwa sukan shafe kwanaki kafin su tara zaren da za a saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan muka ce kaya sun yi sauƙi a zamanin da, ya kamata mu tambayi kanmu wa ya ɗauki nauyin sauƙin.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Burinsu na farko shi ne auduga. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai Arewa za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Abin da ya faru ya ba su mamaki: masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda kamfani ke tayawa, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma kanta. Wannan ya nuna cewa sana'ar gida tana da ƙarfinta a lokacin. Amma jirgin da ke kwashe gyaɗa da fatu zuwa Ikko ba ya dawowa wayam. Yana dawowa da akoko da atamfa da zaren inji, a kan kuɗin da raƙumi ba zai taɓa iya gasa da shi ba. Kantunan kamfanoni da na Kwarori suka cika a wajen ganuwa, ciniki ya fara gangarawa daga Kurmi zuwa Fagge da Sabon Gari.

Shuni ma ya sami kishiya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Sannu a hankali cikin ƙarni na 20, garin rini na kanti da sinadaran da ake haɗa shi da su suka shiga hannun marinanmu. Wa zai ga laifinsu? Karofi sai an jira kwanaki kafin ya nuna, na kanti kuwa a ganga ake haɗawa, a gama aiki a yini guda, ga launuka iri-iri. Marini ya sami sauƙi, amma ya sayar da wani abu bai sani ba. Jiya manomin baba na ƙauyen kusa ne ke yanke masa farashi, yau kuwa wani ne da bai taɓa jin sunansa ba.

An sake samun wani zamani na kusanci bayan haka. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, audugar Funtuwa da Gusau ta sami masu saye a gida. Iyayenmu sun sayi farin yadi da zaren da aka yi a nan, da naira mai daraja. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, naira ta fara faɗuwa, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, ga kayan fasa-ƙwauri ta ko'ina. Masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Kayan Sin suka cike gurbin. Da aka saki naira a Yunin 2023, mai ɗinkin hula a Yakasai ta ji a jikinta kafin wata ya zagayo.

Ga yadda lissafin ya juye. A zamanin Barth, jikin kaya na gida ne, ado ne na waje. Yau shaddar daga waje take, zaren daga waje, garin rinin daga waje, gam da ledar takalmi daga waje. Hannun mai aiki ne kawai namu. Fata ce ta fi ban takaici. Jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kiran fatarta ta Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa gare su, har yanzu muna da ita. Amma manyan majemun Challawa da Sharaɗa ƙasashen Turai suke kai mafi kyawunta, fatar saniya kuma ganda ta cinye kaso mai yawa. Baduku a garin fata ya koma ɗinka roba.

To, ina amsar tambayar yayarmu? Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma duk wadda ta taɓa ɗinka hula wata guda da zaren da ya zuba a wankin farko ta san gaskiyar maganar. Abin da tarihi ya bar mana guda uku ne, kuma duk muna iya ɗauka. Na farko, sari: mata biyar da suka haɗa kuɗi, ko suka yi adashi, suka sayi kwali guda a hannun babban dila, sun fi wadda ke sayen ƙwaya-ƙwaya samun sauƙi, ko a wace kasuwa ce. Na biyu, amana irin ta dillalin Clapperton: mai kaya ɗaya da ya san ki, yake karɓar abin da ya lalace, yake ba ki bashi zuwa ranar da kika sayar, ya fi rumfuna goma masu ragin naira hamsin. Na uku, darasin katsi: ƙyallayen da teloli ke sharewa da guntayen fatar da masu takalma ke zubarwa kayan aiki ne ga mai matashi da mai jakar hannu.

Sauran kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin magana ce ta noman auduga da wutar lantarki da masaƙu. Duk da haka, bagaruwa tana nan tana zubar da 'ya'yanta a dazukanmu, baba kuma bai daina fitowa a ƙasar Kano ba. A Ƙofar Mata ramuka da yawa sun bushe, amma akwai waɗanda har gobe ake zuba musu shuni da toka, kuma farashin tokar ba ya jiran labarin dala.