Yadda Aka Fara Ɗaukar Kakanninmu Aikin Soja

'Yan'uwa, masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawanmu a nan Abuja mukan wuce ta gaban barikin soja kullum, amma ba mu san cewa da bayi da baƙi irinmu aka kafa rundunar ba.

Abin ya daɗe a duniya. A shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hanibal ya karkashe sojojin Rum a filin Kanne, har mazaje suka yi ƙaranci. Sai hukumar Rum ta sayi bayi 8,000 ta ba su makamai, daga baya aka 'yanta su. Da tafiya ta yi nisa, Rumawa suka riƙa ɗaukar mutanen ƙasashen da suka ci, wanda ya yi shekara 25 yana bauta a ba shi 'yancin ɗan ƙasa.

To, haka Turawan Ingila suka yi da mu. Zazzaɓi na kashe musu sojoji, kawo wasu kuma akwai tsada. Don haka a 1863 wani hafsa mai suna Glover ya tara Hausawan Ikko, galibinsu bayi da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya sa musu kaki. Daga nan sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. A 1873 aka kwashe su zuwa yaƙin Asante, wasu ba su dawo ba, suka zauna a zangunan Ghana ta yau. Ba duka ne Hausawan asali ba; in dai kana jin Hausa, an ɗauke ka.

Sai dai mu faɗi gaskiya komai ɗacinta. Da irin waɗannan sojoji Gwamna Lugga ya ci tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1902, ya ci Kano da Sakkwato a 1903. A yaƙin duniya na biyu kuwa, sarakuna da hakimai aka ɗora wa nemo samari, aka kai su har Bama.

Saboda haka in an ce mana baƙi, kada mu tsargu. Jinin baƙi na cikin tubalin ƙasar nan. Mai tsohon soja a gida ya zauna da shi ya rubuta labarinsa tun yana raye. Allah Ya jiƙan magabata, amin.