Wanda Ya Riga Bututun Fenti Fita Fili

An sha rubuta cewa wani ɗan ƙaramin bututu ne ya fitar da masu zanen Turai daga ɗakunan aikinsu zuwa sarari. A shekarar 1841 John Goffe Rand, Ba'amurke mai zanen fuskoki da ke zaune a Landan, ya yi rajistar bututun kuza da ake ɗura wa fentin mai, a matse shi a lokacin buƙata. Kafin nan a cikin mafitsarar alade ake ƙulle fenti; a huda ta a tsiyayi kaɗan, sauran kuma yakan bushe ko ya tsiyaye a hanya. Labarin yana da daɗin ji, sai dai ya tsallake mutum guda.

John Constable ya rasu a 1837, bai taɓa riƙe bututun ba. Duk da haka, a shekarun 1821 da 1822 yakan hau tudun Hampstead da ke arewacin Landan, ya shimfiɗa takarda, ya ɗaga kai yana zana gajimare da fentin mai. A bayan takardu da dama ya rubuta rana da sa'a da inda iska ke kaɗawa, tamkar mai ajiye lissafin yanayi. Aikin na gaggawa ne, domin gajimare ba ya tsayawa a kalle shi; kafin a gama haɗa launi ya sake siffa. A wasu zanukan babu ƙasa ko bishiya sam, sai sararin sama zalla. Masu sayen zane na zamanin kuwa sun fi daraja hotunan yaƙe-yaƙe da na manyan mutane, shi ya sa sai a 1829, yana da shekara 52, Makarantar Zane ta Masarautar Ingila ta karɓe shi a matsayin cikakken mamba.

To, me bututun ya sauya? A ganina, matsayin aikin ya sauya. Constable ya ɗauki abin da ya zana a fili a matsayin shiri. Manyan ayyukansa, har da wanda ya ci lambar zinare a baje kolin Faris na 1824, a cikin ɗaki ya kammala su. Claude Monet na Faransa, wanda aka haifa a 1840, ya tashi ya tarar da fenti a bututu da jirgin ƙasa mai kai mutum ƙauye cikin sa'o'i kaɗan, sai ya nemi zanen fili ya zama shi ne aikin kansa. Wajen 1866 har rami ya tona a lambu domin ya riƙa sauke wani babban ƙyallen zane a ciki, hannunsa ya kai samansa. Alƙalan baje kolin suka ƙi karɓar zanen a 1867.

Bai fasa ba. A 1883 ya koma ƙauyen Giverny, a 1893 ya sayi fili ya haƙa tafki, aka shuka masa bado. Furannin badon nan ya yi ta zanawa, safe da yamma, har kusan zane 250 kafin rasuwarsa a 1926. Mafi girma daga cikinsu kuwa, waɗanda ya bai wa ƙasarsa kyauta, a cikin wani katafaren ɗaki da ya gina kusa da lambun ya zana su.