Tufafin Makaranta a Garin Uraniyom

An kafa garin Arlit a 1969 a tsakiyar hamada, saboda ma'adinin uraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya soma haƙa a 1971, COMINAK ya bi sahu a Akokan a 1978. Tun farko garin ya kasu biyu: unguwannin kamfani masu ruwa da lantarki, da kuma Bukkoki, inda masu neman aiki daga kudu da makiyayan da fari ya talauta suka yada zango.

A irin wannan gari tufafin bai-ɗaya yake da hujja mai ƙarfi. Idan ɗan injiniya da ɗan lebura suka zauna benci ɗaya a kolej, bai kamata riga ta tona asirin gida ba.

Batun hula kuwa daban ne. A ƙasar Abzin rawani ne shaidar cikar namiji, kuma gida ne ke naɗa wa saurayi shi. Makarantar da ta tilasta hula iri guda ta tsoma baki cikin al'adar da ta girme ta, alhali hular ba ta rufe talaucin kowa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ɗaruruwan magidanta suka rasa albashi. Tun daga nan kuɗin yadi da ɗinki suka zama nauyi a gidaje da dama. Dokar da aka yi domin rufin asirin talaka kuwa, in har ta sa aka kore ɗansa daga aji, ta ci amanar kanta. A bar tufafin, amma ya zama mai araha, telolin gari su ɗinka, kada kuma rashinsa ya raba yaro da karatu.