Gandun Kaka da kalankuwar da ta bi shi

Da kalma guda muke kiran mahaifin uba da lokacin girbi: kaka. A ajinmu na ilimin harsuna, irin wannan misali ne kawai na kalmomi biyu masu sauti ɗaya. Gidanmu kuwa, su biyun tare suka tahi.

Gonarmu tana gefen Maradi, wajen hanyar Tibiri. Ban ce gona ba ma, gandu ce, kuma ƴan uwa, gandu ba faɗin ƙasa ba ne, tsari ne. Maigida da ƙannensa da ɗiyansa maza su yi aiki wuri guda tun da sahe, hatsin ya shiga rumbu guda. Shi kuma ya ciyar da kowa, ya biya haraji, wanda Kaka ke ce ma lanho, ya yi ma saurayi aurensa na fari. Da marece kowa ya nufi ƴar gonarsa, gayauna, mu nan gamana muke cewa. Abin da ka samu can naka ne.

Kaka ya sha faɗa mana cewa gujiya ce ta fara ɓaraka. Zamanin Turawa ta kawo kuɗi, bayan an kafa SONARA a 1962 kasuwarta ta ƙara ƙarfi, sai saurayi ya gane gamanarsa na iya saya masa keke ba tare da ya roƙi kowa ba. Sai farin 1973 da 1974, sai cuta ta cinye gujiyar a 1975. Yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari saboda rufe iyaka da Najeriya ta yi, ta kori baffannina biyu zuwa cin rani. Guda bai komo ba. Ni dai ban ɗora laifin ga gujiya ita kaɗai ba: gida ya yi yawa, gona ba ta ƙaru.

Abin da na tarar ragowa ce, amma ta ishe ni kewa. In an gama ɗaurin damma, an ciko rumbu, an hidda zakka, sai kalankuwa. Samarin ƙauyukan kusa su zo da makaɗansu, a share hili cikin karan gonarmu, a kunna wuta. Ƴan mata na gaɗa, ƴan kokawa na kirari, hurar sabon hatsi na yawo cikin ƙwarya, ba mai tambayar ɗan gidan wa kake. Kaka zai zauna bisa tabarma yana ba mu labarin bukin dubu, wanda manomi ke yi in ya tara damma dubu, a naɗa shi Sarkin Noma. Shi bai taɓa kai dubu ba, kuma har ya rasu abin na cinsa. Wata shekara ɗan baffana ya kada ni gaban kowa, na yi kuka, Kaka ya ba ni goriba ya ce in rufe baki.

Bayan rasuwarsa aka raba gado. Magada sun fi ashirin, rabon kowa bai kai a noma ba, gari kuma ya riga ya iso bakin gonar. Aka sayar, aka yanka ta filaye. Ban ga laifin Baba ba, da kason nasa aka biya kuɗin karatuna, kuma wannan ne ke hana ni barci wani lokaci.

Hutun bara na je. Akwai gidajen siminti da shagon cajin waya. Gawon da muke ɗaure jaki yana nan cikin gidan wani, reshensa ya leƙo bisa katanga. Na tambayi wani yaro ko ya san kalankuwa, ya ce ai sunan wata unguwa ce.