Liyari, Kuɗin da Shekararsa Ba Ta Sauyawa

Mai tara tsofaffin rabin dalar azurfa na Amurka shekaru yake bi ɗaya bayan ɗaya har ya cike jerinsa. Liyari, dalar Ostiriya da fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa, ba ya taruwa haka. Tun rasuwar Sarauniya Maria Theresa a 1780, wannan shekarar ake bugawa a jikinsa, ko da ƙarni guda ya wuce. A 1851 Barth ya tarar ana canza guda da wuri 2,500 a Kano.

Samun lafiyayye yau sai an tona. Maƙeran farfaru sun narke da yawa sun ƙera mundaye da zobba, wasu kuma an huda su don ratayawa a wuya, hudar da ke karya farashinsa a wajen masu tarawa.