Yawan zubar jinin haila: Mata nawa ne ke fama da shi?

Yawan zubar jini a lokacin haila na daga cikin matsalolin da suka fi kai mata asibiti a duniya, sai dai alƙaluman masu fama da shi sun sha bamban, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Ma'auni

A al'adance mace kan zubar da jini mililita 30 zuwa 40 a kowane wata. Idan ya zarce mililita 80, wato cokalin cin abinci 5 da ɗoriya, likitoci kan ce ya yi yawa. Wannan iyaka ta samo asali ne daga wani bincike da aka wallafa a shekarar 1966 a kan matan birnin Gothenburg na ƙasar Siwidin.

Da yake awon jinin abu ne mai wuya, akan dubi alamu: haila ta wuce kwana 7, ko mace ta riƙa sauya audugar mata cikin ƙasa da sa'a 2, ko kuma jinin ya riƙa fita da manyan gudaji.

Wannan ƙidaya ta likita ce, ba ta fiƙihu ba, inda a mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ce.

Alƙaluma

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa matsalar na shafar mata fiye da miliyan 10 a ƙasar a kowace shekara, kimanin mace 1 ke nan a cikin 5.

Wani bincike a ƙasashen Turai 5, da aka wallafa a 2015, ya gano alamun a kashi 27 cikin 100 na matan da aka tambaya, kuma kusan rabinsu ba su taɓa kai kukansu ga likita ba.

A 2023 kuma, mujallar Lancet Global Health ta buga sakamakon wani nazari a birane 10 na Afirka da kudancin Asiya, ciki har da Dakar da Nairobi da Kampala da Lusaka, inda adadin ya kusa kai kashi 49 cikin 100.

Dalilai

Ƙarin mahaifa na cikin manyan dalilai, kuma ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata. Akwai kuma rikicewar sinadaran da ke tsara haila, musamman gab da shekarun daina ta, da cututtukan da ke hana jini daskarewa, da robar tazarar haihuwa mai ɗauke da tagulla. A wasu lokuta ƙalilan sankarar mahaifa ce.

Illa da magani

Babbar illar ita ce ƙarancin jini, wanda kan zo da kasala da jiri da haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini.

Matsalar tana da magani. Akwai ƙwayar tranexamic acid mai rage zubar jini, da ƙwayoyin tazarar haihuwa, da robar mahaifa mai ɗauke da sinadarin levonorgestrel, da maganin ƙarin jini. Idan waɗannan suka gaza, akan yi tiyata.

Likitoci na ba duk macen da ta ga waɗannan alamu shawarar ta je asibiti a auna jininta, maimakon ta ɗauka cewa haka jikinta yake.